Gonar da ke Cikin Hanji

Barisal, ɗakin yara. Ruwa kwana tara bai ɗauke ba.
Joytun ta sauko daga kwalekwale
da Nipu naɗe a gefen zaninta.
Wata goma sha tara,
ƙaramar kabewa ta fi shi nauyi.

Ɗan kunnenta ta sayar ta sayi madarar gwangwani.
Ya sha. Yadda ta shiga haka ta fita,
tsululu, da kumfa, da tsami.
"Sista Shiuli," ta ce da ni,
"yunwa na san ta. Amma wane irin ciki ne
zai yi kukan abinci, a ba shi, ya kore shi?"

Na rasa ta inda zan kamo.
Sai na ce: kin san fadamar shinkafa?
Haka cikin hanjinsa yake, tsiro a tsaye cunkus,
a kan kowane tsiro akwai masu aiki,
ido ba ya ganin su.
Wani ya fasa zaƙin madara gida biyu,
wani ya daddatsa sitaci,
wani ya warware nama zare-zare,
sannan jini ya zo ya kwasa.
Yunwa in ta daɗe ita ma ci take yi.
Ta kwantar da tsiron, ta sallami ma'aikata.
Mai fasa madara kan riga kowa tafiya,
shi ne kuma ƙarshen dawowa.

Ta daɗe tana duban ruwan da ke bin taga.
"Ambaliya ke nan," ta ce.
"Bara ta yi mana. Ba a dashe washegari."

Shekara uku ina makaranta,
babu malamin da ya faɗa mini haka.

Muka koma garin shinkafa, farin ƙwai, ɗigon mai.
Cokali uku, a jira awa biyu.
Cokali uku.
Yana kuka, hannunta na rawa a kan kofi,
ina riƙe mata wuyan hannu: tukuna.
Ta harare ni. Na ɗauka.

Daren kwana na goma sha ɗaya
ina gyangyaɗi a kan littafin awo
ta taɓa kafaɗata.
Ta buɗe tsummansa ƙarƙashin ƙwan fitila,
ba ta ce komai ba.
Ya ɗaure. Ɗan kaɗan, launin ƙasa.

Muka tsaya mu biyu muna kallo
kamar an kawo mana damin fari.