Sha Biyu da Ɗigo Huɗu

Ƙarfe biyun dare a Ullapool.
Teku na tari a bayan katanga,
ruwan sama na ƙwanƙwasa rufi
kamar mai bin bashi da ya san kana ciki.
Na sauko daga gado ba takalmi,
na tsuguna gaban mitar nan mai koren ido.
Sha biyu da ɗigo huɗu.

Da magariba ɗigon bakwai ne.
Famfon ruwa ya ɗan lasa,
firji ya gutsira, hita ta kai loma,
wayar jikarmu daga Leeds
ta tafi da nata rabon tana dariya.
Abin da ya rage na injin Tanimu ne.

Ga shi can, takunkumi a hanci,
tiyo ya bi ta kan bargo ya gangara,
injin na hura masa iska a hankali
yadda ake lallashin garwashin jiya.
Likita ya ce maƙogwaronsa kan rufe cikin barci.
Shi ya ce likitan ne ke da surutu,
ya kwashi kuɗin fansho ya sayo tafi-da-gidanka.
Shekara talatin da ɗaya yana tuƙa bas,
yana tsayawa inda ƙararrawa ta ce,
wai yanzu sai inda ransa ya ce.

Batir biyu gare mu.
Ɗaya na tafiya, ba a taɓa shi ko me ya yi zafi.
Ɗaya na zama, ƙarƙashin kujerata.
Ban san zama ma yana cin ƙarfi haka ba
sai da na ga lissafin da idona.

Farantin sola na shanye a kan rufi
yana jiran ranar Nuwamba,
wadda kan leƙo da hantsi,
ta gaisa daga bakin ƙofa, ta juya.
Morag, tsohuwar motar da ke maƙwabtaka da mu,
ita ta koya mini karatun:
kar ki bari ya sauka ƙasa da rabi,
in ya saba da yunwa ba ya sake ƙoshi.
Kar kuma ki yarda da lambarsa yana tsakar aiki,
kashe komai, ya huta, sannan ki tambaye shi.
Na gyaɗa kai.
Ban gaya mata akwai abin da ba na kashewa ba.

Ni da na yi karatu da aci-balbal a Funtuwa,
na zo ƙasar da wuta ba ta ɗaukewa
har na manta ihun yara ranar da ta dawo,
yau ga ni da furfura ina auna haske da cokali.

Ɗigo uku.
Na zare firji, na kai madara ƙarƙashin mota,
sanyin waje ya yi aikin kyauta.
Na kashe hita, na ƙara masa bargona,
na shiga rigar sanyinsa mai warin man zafi.
Na zauna ina jan carbi,
ido ɗaya kan mita, kunne kan ƙirjinsa.
Shiga. Fita. Shiga.

Ɗigo biyu, gari ya fara toka-toka.
Ya cire takunkumin, kumatu duk shatin igiya,
kafin gaisuwa ya ce, "Nawa?"
Na ce, "Ya kai mu."

Bayan salla ya murɗa makulli,
mota ta yi gyaran murya, lamba ta fara hawa,
sha uku, sha huɗu.
"Kin gani? Ai na ce miki ba abin damuwa.
Rabon da in yi barci irin na jiya..."

Na fita ɗauko madarar.
Ta yi sanyi ƙarara.