Ƙwarƙwaron Fatsa

A Katako na tsince shi, cikin tulin tsatsa,
tsakanin kan risho da makullin da ba ƙofa.
Nomau ya ce jika biyu. Ban nemi ragi ba.
Shi ne na goma sha ɗaya a kantata.

Na wanke shi da kananzir, na murɗa hannun:
ƙiris, ƙiris, kamar gyare a daren bazara.
Sunan maƙerin ya goge, saura harafi uku.

Nomau ya tura ni Gamkalle wurin Bonkano,
tsohon kuku, haƙori ɗaya, dariya goma.
Ya ce na wani likita ne, Nasara,
mai ɗaura gashin zabo a ƙugiya
ya yi wa tsage ƙaryar ƙuda.
Shekara bakwai a bakin kogi, kifi huɗu.
Har yau Sarkawa na ba da labarinsa.

Da dare na kwance shi bisa tabarma.
Can ciki, ƙusa guda ba irin sauran ba:
tagulla ce, da zane uku a kanta,
yadda Baba ke yi wa duk agogon da ya gyara.

Ban maida ta ba.
Tana aljihuna.