Hoton Nomau a Tashar Ƙaura

Hotuna biyu muka tarar a adakar Gwaggo Ige,
ƙarƙashin zanen saƙi da ƙullin kanwa,
naɗe cikin takardar siminti.

Na farko tas, kamar jiya aka wanko shi:
wani akawun kamfani bisa kujera,
sarƙar agogo, alƙalami a aljihu,
har maɓallan rigarsa kana iya ƙirgawa.
Gida bakwai na zaga da shi a Ƙaura Namoda,
ba wanda ya ce ga sunansa.

Na biyu kuwa gara ta ci kusurwarsa,
ruwan wata damina ya kwana a kai.
Ga tarago, ga buhunan gyaɗa jibge,
ga wani mutum kamar hayaƙin murhu,
kafaɗa ɗaya sama, ɗaya ƙasa.
Fuskar ta narke ta bar hula,
sai 'yan layuka a inda kumatu yake.

Na kai wa Nafi'u mai hoto, bakin kasuwa.
Ya ɗaga na akawun ya ce, "Wannan shi ne hoto.
Dubi haske, dubi zama.
Wancan, mai shi motsi ya yi.
A da sai ka ɗauke numfashi,
ka ƙame kamar turke
har mai ɗauka ya fito daga baƙin ƙyalle.
Amma bar mini shi, na'ura ba ta barin tabo."

Kwana uku ya miƙo mini wani kyakkyawa.
Fata sumul, hanci har baka,
ido biyu farare suna kallona.
Ba zan ɓoye ba, raina ya so shi.
Ni da ban taɓa ganin idon kakana ba,
na so idon, ko da na aro ne.

Gwaggo na tsince wake a faifai na iso.
Ta goge hannu, ta karɓa, ta daɗe.
"Wanga ɗan wa na?"
Na ce Baba Nomau ne, an gyara shi.
"Gyara? Ina askar gidanmu?"
Ashe layukan nan da wanzami ya ja
na'ura ta ɗauka ƙarzuwar takarda ce,
ta share.

Ta ce in ba ta tsohon.
Ba ta ko kai shi kusa da ido ba,
yatsa ta ɗora bisa kafaɗar da ta karkace.
"Ga shi nan. Buhu ya yi mai haka.
Shekara sha tara yana dako tashar ga.
Bisa buhu aka biyansu, ɗana,
wa ka tsayawa, jirgi na kuka?
Da ya tsaya an ga fuska tai,
da mun kwana ba tuwo."
Ta yi dariya har da tari,
ta koma kan wakenta.

Na biya Nafi'u kuɗinsa, ai ya yi aiki.
Kyakkyawan nan yana rataye a shagonsa yanzu,
masu zuwa hoton fasfo suna yaba shi,
wata ma ta ce ya yi kama da kawunta.

Mai hayaƙin na sa wa gilashi.
Akawun na zura a bayansa ya tokare shi,
shi ma ɗan wani ne,
wataƙila shi ya rubuta kwabban Nomau a littafi,
wataƙila ya rage.

Jiya ƙaramar 'yata ta hau kujera,
ta manna hanci a gilashin.
"Baba, ina mutumin?"
Na ce ja da baya.
Ta ja.
Na ce ƙara.
Sai da ta kai bakin ƙofa ta ce,
"Na gan shi. Sauri yake yi."