Asuba a Moab

Na kashe tirela a bakin garin Moab,
inji na huci, ni ma haka.
Kwana uku ina jan kayan wani
ban tambayi abin da ke ciki ba.

Gari ya waye a kan duwatsu
jajaye kamar bakin mai cin goro.
Ni da na tashi a gindin Kwatarkwashi
na ɗauka na gama ganin dutse.
Ashe suri nake yi wa kirari.

Can ƙasa kogi ne, siriri kamar zare.
Wai shi ya yanka kwazazzabon nan,
ba gatari, ba gaggawa,
sai naci.

Gorar ruwana ta daskare da dare.
Na dafa jan rairayi na yi taimama.
Wani hankaka baƙi wuluk,
ba farin ƙirji irin namu,
ya tsaya kallon sallata.

Na ɗauki hoto don Barira,
waya ta matse dutsen ya koma 'yar tsakuwa.
Na goge.
Na tsinci ta gaske, na jujjuya,
na mayar da ita mazauninta.
Ta riga ni zuwa.

Saura mil ɗari huɗu.