Mai Fentin Sunaye

Kwana uku kafin taro ake aiko mini.
In ɗauko gwangwanin fari da burushi mai bakin allura,
in tsuguna gaban bangon nan na Mora
inda rana ke lasar sunaye kamar akuya ta sami kanwa.

Ashirin da bakwai ne, hannuna ya haddace su.
Jonwe ɗan Tupuri, wanda harafinsa na farko ke ɓarewa kullum.
Matakon daga kan dutse.
Hamajam. Abakar Shuwa.
Na goma sha tara,
shi ya karɓi nonon da na saki.

Tankari muke ce masa a gida.
Takardar gwamnati ta karkata sunan,
ta liƙa masa wutsiyar da ba tasa ba.
Na ce wa kyaftin a gyara.
Ya ce abin da aka buga wa hatimi ya zauna.
To.
Shekara shida ke nan
ina rubuta kuskure da kyakkyawan hannu.

Ran taro manya na rumfa, mu muna rana.
Begila ta yi kukanta.
Aka ce shiru na minti ɗaya,
sai jaki ya amsa daga bayan kasuwa,
wata yarinya ta tuntsire, uwarta ta toshe mata baki.
Da Tankari na nan, shi zai riga ta.

Liman ya yi addu'a, fasto ya yi.
Mai babbar kujera ya ajiye furen da aka kawo daga Marwa,
ya bi sunayen yana tuntuɓe,
kowane suna, wata mace cikin taro
ta gyara lulluɓi.

Inna ba ta zuwa.
Ta ce bango ba ya jin yunwa.
Tun asuba take toya waina
ta aika shingen sojoji na bakin gari.
Su ma, in ji ta, wasu ne suka haife su.

Da yamma, bayan an kwashe kujeru,
nakan dawo da ragowar fenti.
Can ƙasa, inda bango ya haɗu da ciyawa,
in rubuta shi da ajami,
ƙarami, kamar sawun tururuwa,
yadda Inna ke kiransa in tuwo ya sauka.

Damina kan wanke.
Ba komai. Gwangwanin bai ƙare ba.