Mil Ɗari Biyu da Goma

Orval ya jingina wayarsa da kwalbar gishiri,
haɓarsa kawai nake gani da rabin kicin.
Na ce ɗaga ta sama.
Ya ɗaga, ya cije leɓe.

Ƙugu ne. Bijimi ya matse shi da shinge ran Talata.
Daga ɗaya zuwa goma, nawa?
Ya ce, Likita, ban iya ƙirga irin wannan ba.

Na san maganin, na san awonsa.
Amma doka ta ce irin wannan ƙwaya
sai na taɓa mutum tukuna,
ɗaki ɗaya, hannu da jiki,
ba fuska a gilashi ba.

Ban zagi dokar ba.
Na san inda aka yanke mata cibiya:
ɗakunan samarin da ƙunshi ya zo musu ta gidan waya,
da safe aka buga ƙofa, shiru.
Tobias ɗan ƙanwata yana cikinsu.
Wanda maciji ya sara, baƙin tsumma ma abin gudu ne.

Sai dai tsakanina da Orval mil ɗari biyu da goma,
ƙanƙara ta toshe hanyar Dakota tun jiya,
motar shara ba ta kai gonarsa sai Juma'a.

Na rubuta mai sauƙin da aka yarje mini.
Na kira nas ɗin garinsu, ba ta ɗauka ba.
Zan sake.

Ya ce ba komai, shanu ma haƙuri suke.
Ya miƙo hannu zai kashe,
tafinsa ya cika allon,
na kai nawa.
Gilashi ne, da ɗan ɗumin na'ura.