Ruwan Karnuka da Kyanwoyi

Shekara talatin da ɗaya na riƙe alli a Yelwa,
ina ɗura wa 'ya'yan masunta harshen Nasara.
Na san mazaunin aikatau, na san ƙofar gidan suna,
jan birona ya ci kurakurai fiye da yadda gara ke cin zana.
Har gobe in na ratsa rumfar masu banda,
wani mai furfura zai rusuna:
"Malam Namakka, kai ka hana mu barci da nahawu."

Sai ga jikata Suwaiba,
shekara tara, haihuwar ƙasar sanyi,
ran Asabar ta kira, fuskarta duka a tafin hannuna.
Na gyara hula, na gyara murya,
na tambayi lafiyar gari da Turancin littafi.
Ta ce can ana ta ruwan karnuka da kyanwoyi.

Na ce subhanallahi!
Mu nan in sama ta husata ƙanƙara take jifa da ita,
ta kwantar da shinkafa a fadama,
amma ban taɓa jin hadarin da ke haushi ba.

Yaya jarrabawa? Wai yankan kek ce.
Na ce a ci lafiya, to lissafin fa?
Dariya ta kayar da wayar, na yi ta kallon silin ɗakinsu.
Babanta kuma wai yana ƙarƙashin yanayi,
to wa ke bisansa?
Ta saya wa uwarta zobe a ɓoye, kada in zubar da wake.
Yarinya, kin san kuɗin mudu a kasuwar Yauri?
Gobe za ta hau dandamali a makaranta,
wai in yi mata fatan ta karya ƙafa.

Nan na tsaya.
Na koma Hausa, don tsoro ba ya jin Turanci:
"Ke, cikina ya ɗuri ruwa, zan ja miki kunne!"
Ta kama kunnenta da hannu biyu.
Ta ce, "Kaka, wane ruwa ka sha?"

Ashe haka ne.
Ashe kowane harshe yana da ƙofar baya,
inda 'yan gida ke shiga ba sallama,
ni kuwa na tsufa a zaure ina gyara takalman baƙi.

Na ɗauko tsohuwar rajistar aji, na ja layi a tsakiya.
Inno tana tankaɗe, ta ce, "Malam ya koma aji ɗaya."
Na ce bar ni, gemu ba ya hana ilimi.
Kowace Asabar muna cin kasuwa, ba kuɗi, sai musaya:
ta ba ni jan ƙafa, wato zolaya,
na ba ta farin jini, ta duba jijiyar hannunta;
ta ba ni buga buhu, wato barci,
na ba ta ruwa kamar da bakin ƙwarya,
ta ce namu ya fi, don ba a cuci dabba ba.

Ranar da kifinta na kwalba ya shuri bokiti
ban yi dariya ba, ban nemi bokitin ba.
Na ga idonta, na gane.
Na ce mu nan cewa muke, ya riga mu gidan gaskiya.
Ta maimaita a hankali, tana tuntuɓe a kan gaskiya.

Makon jiya na ce, yaushe za ku zo gida?
Ta waiwayi babanta, ta sunkuyar da kai:
wai irin wannan tafiya sai wata ya yi shuɗi.

Wannan kam ban tambayi fassara ba.
Na rubuta, na rufe rajista.
Amma bayan lisha na sauka bakin Kwara,
jirage a ɗaure, kwaɗi na ta karatunsu,
na ɗaga kai, ni da na san ma'ana,
ina duba launin wata.